Yadda muka yi cinikin biri a sama a garin ƙanƙara

Mu biyu ne muka haɗu muka rubuto muku wannan labari, kamar yadda muka saba haɗuwa a kan komai tun muna aji ɗaya a sakandare a Katsina. Shekara shida muka yi a benci ɗaya. Littafin lissafi ɗaya muka riƙa karɓa-karɓa, har takalmin ƙwallo mun taɓa yin tarayya a kansa, domin dukanmu lamba 42 muke sawa. Jiki ne kawai ya raba mu. Ɗayanmu dogo ne kakkaura, ɗayan kuwa gajere ne siriri, wanda 'yan aji ke tsokana da cewa iskar hunturu za ta iya yin gaba da shi.

Da muka gama sakandare, Allah ya sa muka samu gurbin karatu tare a Jami'ar Atatürk da ke Erzurum, a gabashin Turkiyya. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900 daga teku, wato ya ɗara Jos nesa ba kusa ba. Da hunturu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, wani daren ma ya wuce haka, har gashin hancin mutum ya daskare. A kudancin garin akwai dutsen Palandoken, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 3,000. Idan kuna son ku kwatanta, Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. A kan Palandoken ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma Erzurum ce ta karɓi baƙuncin gasar wasannin hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a shekarar 2011.

Wani ɗan ajinmu Baturke ne ya fara jan mu zuwa dutsen a hunturunmu na farko. A shagon haya aka ba kowannenmu alluna biyu dogaye sirara, ɗaya don kowace ƙafa, da takalmin roba mai tauri da ke kaiwa ƙwauri, da sanduna biyu, da hular kwano. A tsakiyar kowane allo akwai maɗauri, wanda ke kama takalmin ta gaba da ta baya. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, idan ka taka dusar da takalmi sai ka nutse har gwiwa, amma da ka hau allunan sai ka tsaya a samanta. Darasin kimiyyar da muka yi a aji huɗu ne muka gani da idonmu: nauyi ɗaya, idan aka baza shi a wuri mai faɗi, matsinsa yana raguwa.

Wannan hunturun gaba ɗaya a kan abin da ake kira garma muka ƙare, wato ka haɗa kawunan allunan a gaba, ka buɗe bayansu, domin ka rage gudu. Mun faɗi har mun daina ƙirgawa. Yara 'yan shekara biyar suna wuce mu suna waiwaye. Hanyoyin gangarowa daga dutsen launi ake sa musu: kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka fara iyawa, baƙi na gwanaye. Mu dai ba mu bar kore ba sai a ƙarshen Fabrairu.

A hunturu na biyu abin ya fara zama. Muka daina garma, muka koyi jera allunan gefe da gefe muna karya kwana. Shuɗiyar hanya ta zama kamar tsakar gidanmu, har muka fara leƙa ja. A nan ne kayan haya suka fara isar mu. Yau a ba ka allon da bakinsa ya dakushe, ka hau wurin da dusar ta daskare ya riƙa sulɓewa. Gobe a ba ka wani mai tsawo daban, sai ka ɓata rabin yini kafin ƙafarka ta saba da shi. Ga layi, ga kuɗin haya da ke ƙaruwa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, sai muka yanke shawarar mallakar namu.

Wata bakwai muna tari. Muka rage cin nama, muka daina shiga mota zuwa kasuwa, muka riƙa koya wa yaran wani maƙwabci Turanci da yamma. Da muka lissafa, kuɗin ba za su sayi sababbin alluna na mutum biyu ba. Sai muka ce ai abu mai sauƙi ne: a sayi na mutum ɗaya, mu riƙa karɓa-karɓa kamar littafin lissafi, tunda ƙafarmu ɗaya ce.

A wannan lokacin dare bai wucewa ba mu kalli bidiyon 'yan tseren duniya a waya ba. Mun karanta labarin Kwame Nkrumah-Acheampong, ɗan Ghana da ya yi tseren zamiya a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, muka ce idan shi ya iya, me zai hana mu? Ba laifi ba ne mutum ya yi buri. Inda muka kauce shi ne, mun ɗauka kayan gwani ne ke mai da mutum gwani.

Wata rana muka ci karo da talla a intanet. Wani mutum a wani gari yana sayar da tsofaffin allunan tsere, jajaye masu ƙyalli, da maɗaurinsu, a kan rabin kuɗin da muka tara. An rubuta tsawonsu santimita 185, kusa da shi kuma an rubuta mita 27. Ba mu san ma'anar lambar ta biyu ba, ba mu kuma tambayi kowa ba, don kada wani ya riga mu. Muka tura kuɗi a daren. Bayan kwana huɗu kaya suka iso. Da gajeren cikinmu ya tsaya kusa da su, sun wuce kansa da kusan taƙi guda. Muka yi dariya, muka ɗauki hoto muka tura wa abokai a gida. Da takalmin haya ya ƙi zama daidai a maɗaurin, dogon cikinmu ya ɗauko sukundireba, ya kalli wani bidiyo, ya matsa bayan maɗaurin har takalmin ya shiga. Akwai wata 'yar taga a jikin maɗaurin da ke nuna lamba 10. Mun gan ta sarai, muka bar ta yadda take.

Ranar Asabar ta ƙarshen Disamba muka hau dutsen. Dogon ne ya fara gwadawa. Ya sauko da ƙyar, cinyoyinsa na rawa, amma girman kai ya hana shi faɗin gaskiya. Ya ce, “Suna da kyau, sai dai suna son gudu.” Gajeren ya karɓa, muka nufi jar hanya. Kwana ta farko allunan suka ƙi juyawa. Ya danna, suka miƙe. Gudu ya ƙaru, ya jingina baya saboda tsoro, bakin allon dama ya cije a dusar, jikinsa ya juya, ƙafar ta tsaya inda take. Maɗaurin da aikinsa shi ne ya saki takalmi a irin wannan lokaci bai saki ba. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnen ɗayanmu.

Masu ceto suka sauko da shi a kwance cikin wani abin ja mai kama da kwalekwale. A asibiti likita ya ce jijiyar gefen gwiwa ta ciki ce ta ɗan yage, kuma mu gode wa Allah da ba ta tsakiyar gwiwa ba ce, wadda sau da yawa sai an yi tiyata. Aka ɗaure ƙafar, aka ba shi sanduna, aka ce sati shida. Jarrabawar ƙarshen zango kuwa saura sati biyu. Duk wanda bai taɓa tafiya da sandunan guragu a kan ƙanƙara ba, ba zai gane wahalar ba. Dogon ne ya riƙa goya shi a matakalar ɗakin jarrabawa, yana goyo yana jin nauyin sukundirebar nan a zuciyarsa. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne kiran waya zuwa gida. Inna ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Karatu muka tura ku ko wasa da rai?” Ba mu da amsa.

A watan Fabrairu muka ɗauki allunan zuwa wani ƙaramin shagon gyara a gindin dutsen, da niyyar mu sayar ko da da asara. Mai shagon dattijo ne mai furfura, ana kiran sa Usta, wato gwanin sana'a a harshensu. Ya juya allunan, ya dubi lambar maɗaurin, ya dubi ƙafar da ke ɗingishi, bai ce komai ba. Ya zuba mana shayi a ƙananan kofunan gilashi, ya miƙo mana sukari ƙwaya-ƙwaya, domin mutanen Erzurum ba sa narkar da shi a shayi, gutsura suke yi su riƙe a baki suna kurɓa. Sai da muka sha rabi sannan ya ce, “'Ya'yana, wa ya ce ku hau wannan?”

Muka ce, “Babu kowa, Usta.”

Ya ce, “Na gani.”

Abin da ya koya mana a yammacin nan shi ne ya kamata mu nema tun kafin mu tura kuɗi. Ya fara da lambar nan ta mita 27. Ya kwantar da allo a tebur ya nuna mana cewa kansa da wutsiyarsa sun fi ƙugunsa faɗi, don haka gefensa ba miƙaƙƙe ba ne, ɗan yanki ne na wata babbar da'ira. Lambar tana nuna nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta. Idan ka karkata allon a kan bakinsa na ƙarfe ka danna, sai ya lanƙwasa ya bi wannan da'irar. Mita 27 na nufin da'ira mai faɗin mita 54, wato kusan rabin tsawon filin ƙwallo. An yi shi ne don ɗan tseren da ke da hanya shi kaɗai. Mai koyo da ke bin hanya cike da jama'a, wanda ke son gajerun kwanoni don ya riƙe gudunsa, abin da ke tsakanin mita 12 da 16 ya fi dacewa da shi.

Sannan ya zo kan tauri. Ya kafa wutsiyar allonmu a ƙasa, ya riƙe kan, ya ce mu danna tsakiya. Kamar mu danna ƙyauren ƙarfe. Ya ɗauko wani allo, muka danna, ya lanƙwasa ba gardama. Ya ce a cikin yawancin alluna masu kyau katako ne, amma na tsere ana shimfiɗa musu fallayen ƙarfe a sama da ƙasan katakon, don kada su yi kakkarwa a gudu mai tsanani. Irin wannan allon ba ya lanƙwasa sai da nauyi da gudu da ƙwarewa, kuma allon da bai lanƙwasa ba, ba zai juya ba. Ya dubi gajeren cikinmu ya ce, “Kilo nawa kake?” Ya ce 55. Usta ya girgiza kai ya ce, “Allon nan bai ma san ka hau shi ba.”

Tsawo kuma, ya ce ma'aunin da ake farawa da shi shi ne ka tsayar da allon a gabanka. Na mai koyo yakan tsaya wajen haɓa, na wanda ya fara iyawa tsakanin hanci da goshi, na gwani ya kai saman kai ko ya wuce. Gajeren allo ya fi sauƙin juyawa, dogo ya fi natsuwa a gudu, kuma mara nauyi yakan rage kaɗan, mai nauyi ya ƙara. Faɗin ƙugu shi ma da aikinsa. Mai siririn ƙugu, kamar milimita 70 zuwa 80, yana saurin sauya baki a kan hanyar da mota ta daddaɓe. Mai faɗi, daga milimita 100 zuwa sama, na masu shiga sabuwar dusa ce mai zurfi, inda ake son allo ya yi iyo. Ya tambaye mu sau nawa muka taɓa barin daddaɓaɓɓiyar hanya. Muka ce ko sau ɗaya. Ya ce to mun amsa wa kanmu.

Da ya zo kan maɗauri, muryarsa ta sauya. Ya ce lambar da ke tagar nan tana nuna ƙarfin da ake bukata kafin maɗaurin ya saki takalmi. Idan ta yi ƙasa da yawa, allo zai fita kana tsakiyar tafiya. Idan ta yi sama, ƙafarka za ta karɓi abin da ya kamata maɗaurin ya karɓa. Ba da ka ake sa ta ba. Akwai jadawalin da ake duba nauyin mutum, da tsawonsa, da shekarunsa, da tsawon tafin takalminsa, da yadda yake zamiya, sannan a gwada da na'ura a ga ko yana saki daidai. Ya duba jadawalin: dogon cikinmu, mai kilo 78, lambarsa 6 ce, gajeren kuwa 4.5. Namu yana kan 10, kuma ma'auninsa ma daga 8 ya fara, ko an so a sauke shi zuwa lambarmu ba zai sauka ba. Ga tsufa, robarsa ta fara tsagewa. Tun daga nan muka gane cewa karɓa-karɓar da ta yi mana rana a kan littafi ba za ta yi a nan ba, domin allo ɗaya da lamba ɗaya ba za su dace da mai kilo 55 da mai kilo 78 ba.

A cikin tambayoyin jadawalin akwai wadda ta fi wuya, ita ce wane irin mai zamiya ne kai: mai taka-tsantsan, matsakaici, ko mai zafin gudu? Dogon ya buɗe baki zai ce na uku. Usta ya ɗaga hannu ya ce, “Ɗana, ni ba zan hau dutsen da ƙafarka ba. Idan ka yi mini ƙarya, gwiwarka ka yi wa.” Muka sunkuyar da kai, muka ce matsakaita ne mu, kuma ba mu daɗe da barin masu taka-tsantsan ba. Ya ce haka ake so, kuma abin da ya dace da mai ci gaba shi ne allon da ya ɗara iyawarsa ta yau da taki ɗaya, wanda zai ja shi gaba ba tare da ya kayar da shi ba. Mu kuwa mun tsallake taki goma.

Shawararsa ta ƙarshe ba mu so ta ba a lokacin. Ya ce mu manta da alluna a bana, mu sayi takalma da sauran kuɗin, domin takalmi ne ke isar da saƙon ƙafa ga allo, kuma idan ƙafa na yawo a ciki, ko allon zinariya ka hau ba zai ji maganarka ba. Ya sa muka cire safa, ya auna ƙafafunmu da santimita, domin haka ake auna takalmin zamiya. Ɗaya 26.5, siririya. Ɗaya 27.5, mai faɗi. Shekara tara muna cewa ƙafarmu ɗaya, ashe ɗaya yana haƙuri da matsi, ɗaya yana haƙuri da sako-sako. Muka jira watan Maris, lokacin da shaguna ke karya farashi saboda ƙarshen kaka, kowa ya sayi nasa mai matsakaicin tauri.

Muka sake shiga tari. Gajeren ya yi watanni yana motsa jikin da likita ya rubuta masa, har gwiwar ta koma daidai. Da hunturu na gaba ya shigo, ba mu yi gaggawa ba. Asabar uku muka yi muna karɓar hayar alluna iri-iri, muna bin hanya ɗaya da kowanne, da takalmanmu a ƙafa, muna rubuta abin da muka ji a bayan littafin darasi: wannan yana riƙe daskararren wuri, wancan yana kakkarwa, wannan yana gajiyar da cinya. Abin dariya, wanda ya fi burge mu a ido shi ya zo na ƙarshe. A ƙarshe dogon ya zaɓi mai santimita 172, ƙugu milimita 78, kwana mita 15, samfurin bara da aka rage wa kuɗi. Gajeren ya ɗauki mai santimita 158, ƙugu 74, kwana mita 13, wanda aka yi amfani da shi kaka ɗaya. Kafin ya biya, Usta ya koya masa duba na hannu: a shafa bakin ƙarfen a ga ko da sauran kauri, a duba ƙasan ko akwai ramin da ya kai ga katako, a duba ko fallayen sun fara rabuwa a kai ko a wutsiya, a kuma tambayi shekarun maɗaurin. Shi da kansa ya saita mana lambobin ya gwada su. Sukundirebarmu ba ta sake kusantar maɗauri ba.

Ranar da muka koma jar hanyar nan, gajeren ya tsaya a samanta ya fi minti biyar yana kallon wurin da ya faɗi. Dogon bai ce masa komai ba, ya tsaya kusa da shi kawai. Can ya yi bisimilla ya gangara. Ya karkata, allon ya juya. Ya sake karkata, ya sake juyawa. Da muka isa ƙasa muka waiga, sai ga sawunmu biyu a kan dusar, suna lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Ba mu zama 'yan tsere ba, baƙar hanya ma har yau da girmamawa muke kallonta, amma a kakar nan mun ƙaru fiye da kaka biyun baya a haɗe.

Mun san da yawanku ba ku taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, wataƙila kuma ba allon zamiya za ku fara saya da kuɗin da kuka tara ba. Zai iya zama keke, ko waya, ko takalmin ƙwallo, ko keken ɗinki. Idan ranar ta zo, ku nemi wanda ya san kayan ku zauna da shi kafin ku biya, ku tambayi ma'anar duk lambar da ba ku gane ba, ku gwada idan da hali, kuma idan ya tambaye ku iyawarku, ku gaya masa gaskiya ko da ba ta yi muku daɗi ba. Mu sai da muka biya rabin tarinmu da sati shida na sanduna kafin mu koyi wannan.

Jajayen allunan kuwa ba wanda ya saya. Usta ya kwance maɗauransu ya jefa a kwandon shara, ya ce ba zai bari su sake kama ƙafar ɗan kowa ba. Allunan muka dawo da su ɗaki, muka ɗora su a kan bulo huɗu a jikin bango. A kansu muke jera littattafanmu, kuma a wannan aikin taurinsu ya yi rana, domin duk nauyin littattafan ko lanƙwasa ba su yi ba.